Bazarar da Muka Cire wa Talabijin Nauyi

Bazarar bana ta shigo da fushi. Tun ba a gama kwashe albasa daga fadama ba iska ta ɗauke, kwanon shagona ya koma abin da ba a jingina da shi, kuma warin albasar da ta fara ruɓewa a buhu ya sake cika bakin kasuwar Jega. Wanda bai tashi a nan ba zai ce wari ne kawai. Ni kuwa da ya bugi hancina sai in ji ƙishirwa, ko da yanzu na ajiye kofi. Shekaranjiya wani saurayi ya kawo mini wayarsa gyara, ya ce ba abin da ya same ta, sai dai in yana gem tana yi masa nauyi. Na karɓa, na ce ya dawo da la'asar. Da ya tafi na daɗe zaune da wayar a hannu ban kwance ta ba.

Nauyi, haka muke kiran abin. Ka danna maɓalli, ɗan wasanka da ke cikin allo ba zai motsa ba sai bayan wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba. Wanda ba ya buga gem ba zai ma lura ba. Mai bugawa kuwa a yatsa yake jinsa, kuma a wasan ƙwallo wannan ɗan jinkirin ne ke raba wanda ya ci da wanda aka ci. Akwai wata bazara, shekarun baya, da azumi ya faɗo a tsakiyarta, wadda na ƙarar da ita kaf ina farautar wannan nauyin saboda yayana Faruku. Hannunsa na dama ne yake mutuwa a lokacin. Mu kuwa sai muka tasa talabijin a gaba.

Faruku bai ba ni shekaru da yawa ba, amma tun da Baba ya rasu shi ne uban gida. Shi ke riƙe da gonarmu ta albasa a fadamar wajen Jandutsi, kuma in ya gama da tamu sai ya goya tankin feshi ya shiga gonakin mutane, daga nan har Birnin Malam. Ba ya sa safar hannu, ba ya rufe hanci. In bakin famfon ya toshe, cire shi yake yi ya hura da baki. In maganin bai gauraya ba, ya naɗe hannun riga ya zura hannu a bokiti ya dama. Ka yi masa magana ya yi dariya, ya ce shi da maganin sun san juna. Sai can daga baya wani likita ya duba shi ya ce jijiyoyi ne, ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana feshi a haka. Yau Faruku yana nan da ransa, amma matarsa ce ke sa masa maɓallin riga.

A wancan lokacin kuwa ba yatsun da ake tsoro a Jega kamar nasa. Akwai gidan gem na abokinsa Ɗanjumma, ɗaki guda mai rufin kwano a bayan tasha, da benci, da fanka ɗaya, da tsohuwar kwamfuta da aka haɗa da wani ƙaton talabijin. Ɗanjumma ya fi ƙaunar talabijin ɗin nan a kan wasu daga cikin danginsa, kullum da tsumma a kafaɗa yana goge shi. A nan ake buga ƙwallo, mutum biyu kowa da fad, abin dannawar nan mai maɓallai, a hannu, wanda aka ci ya tashi. Faruku in ya zauna ba ya tashi sai ya ga dama. Magidanci ne da gemu da 'ya'ya, Inna tana yi masa gorin ya girma bai san ya girma ba, amma ni na san abin da yake samu a can. A gona dillali ke yanka masa farashi, rana ta yi yadda take so, tsutsa ma haka. A bencin Ɗanjumma kaɗai ne abin da ya yi niyya shi ke faruwa. Shekarar nan aka shirya wata gasa a Birnin Kebbi bayan ƙaramar Sallah, kowane gari zai tura mutum ɗaya, kuma ko zaman shawara ba a yi ba a kan wanda Jega za ta tura.

Albasa ta yi albarka a shekarar har ta zama masifa. Kowa ya samu, daga Aliero har Maiyama, farashi ya faɗi warwas. Faruku ya ce ba zai sayar da wahalarsa a wulaƙance ba, muka zuba tamu a rudu, rumfar karan nan da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa albasa, muna jiran ta yi daraja. Sai iskar ta ƙi zuwa. Azumi ya kama, zafi ya sauko ya zauna. Ruwan randa ɗumi yake yi. Kaji su laɓe a gindin katanga baki buɗe. In ka kwanta a tabarma da azahar, ka tashi ka bar siffarka a jiƙe.

Kullum da an sallame asuba sai mu hau babur mu nufi rudu, tun tuwon sahur bai gama sauka ba. Aikin guda ne, a zura hannu a tsince wadda ta ruɓe kafin ta shafa wa 'yar uwarta. Ruɓaɓɓiyar albasa ba kasafai take nuna kanta a ido ba. Sai ka matsa wuyanta, yatsa ya nutse, ruwa mai yauƙi ya biyo hannunka. Mu jefar da ita gefe. Wadda rabinta ya tsira mu tara a kwando mu kai gida, Inna da matar Faruku su yanke inda ya mutu su shanya sauran a kan buhu. Tulin da muke zubarwa kullum ƙaruwa yake yi, ƙudaje suna biki a kansa. Kafin hantsi ya ɗaga maƙogwaro ya bushe, warin ya shige riga inda sabulu ba ya kaiwa. Miyar gidanmu a watan nan albasa ce da gishiri da abin da ya samu. Ƙanƙara kuwa sai dai mu ji labarin wanda ya sha.

Daga rudu ni in wuce teburina na gyaran waya in yi ta gyangyaɗi, don ba mai kuɗin gyara. Bayan la'asar, lokacin da azumi ya fi cizo, sai mu haɗu a wajen Ɗanjumma, in an dace akwai man janareta. Wasu na ganin bai dace mai azumi ya zauna gaban gem ba. Mu dai abin da muka sani, nan ne kaɗai rana take saurin faɗuwa.

A nan ne wata rana wani ɗalibi daga makarantar Aliero ya shigo, siriri mai tabarau, ya ce ya ji labarin Faruku. Suka zauna. Kafin a je hutun rabin lokaci ɗalibin ya zura wa Faruku uku da nema. Ƙwallo tana zuwa ƙafar ɗan wasan Faruku, muna jiran bugun nan nasa da muka sani, sai ya tsaya kamar mai neman izini, a ƙwace. Da aka tashi ɗalibin ya rasa inda zai sa fuskarsa, don yaro ne mai kunya, kuma ya ga gemun wanda ya doke.

Ya ce, "Yallaɓai, ba laifinka ba ne. Talabijin ɗin nan yana da nauyi, ni ma na ji. Irin waɗannan manyan, sai sun gama yi wa hoto kwalliya sannan su nuna shi."

Ɗanjumma ya ɓata rai. "Tibin nawa?"

Faruku ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. "Ka ji ko, Zayyanu? Na hwaɗa maku kwana biyun ga wani abu na riƙe ni. Kai ad da sanin kayan ga. Ka cire mani shi kahin Salla."

Abin da ya sa muka yarda shi ne ɗalibin bai yi ƙarya ba. Talabijin ɗin yana da nauyi da gaske. Na ɗauki rimot washegari na shiga saiti, na tarar an kunna duk wani abin ado da masu ƙera shi suka zuba a ciki. Akwai mai sa motsi ya yi santsi, akwai mai ƙara wa launi kauri, akwai mai share ɗigo-ɗigon hoto. Kowannensu sai ya riƙe hoton ya yi aikinsa sannan ya miƙa wa na gaba, ɗan wasa yana can yana jira. Na kashe su ɗaya bayan ɗaya, na mayar da shi kan yanayin da aka tanada don gem. Hoton ya dishe, koren filin ya koma kalar ganyen da ya kwana. Ɗanjumma ya tsaya a bayana da tsummansa yana huci.

"Wanga ba shi na nis saya ba," in ji shi.

Faruku ya ce, "Kyau kaka so ko ci?"

Na gwada da kaina, na ji bambanci nan take. Faruku ma ya ce ya ji. Ranar ya ci mutum biyu a jere, muka fito ana kiran magariba yana ta zolayar Ɗanjumma, har ya ce zai ɗauko masa kofi daga Birnin Kebbi ya riƙa gogewa.

A daren nan wajen buɗa-baki Inna ta miƙa masa kofin kunu. Ya karɓa da dama, bai kai baki ba kofin ya sulale ya kife a tabarma. Kunun da aka dama da gero na ƙarshen kwano ne. Inna ba ta kalli kunun ba, hannun ta kalla.

"Mi as samu hannun ga naka?"

"Azumi na, Inna. Kowa jikinai ya mutu."

"Azumin ga hannu guda yak kama?"

Ya yi dariya, ya ɗauki nawa da hagu ya kurɓa. Inna ta ce gobe a nemo mai ganye ya duba shi, ko a tafi asibiti. Ya ce bayan Sallah, in an sayar da albasa. A gidanmu a shekarar nan komai bayan Sallah ne, in an sayar da albasa.

Kwana kaɗan nauyin ya dawo, in ji Faruku. Wani mai faci da Faruku ya saba ba shi ci biyu kyauta kafin a fara ya tashe shi daga benci. Sai na koma kan fad. Namu marasa waya ne, batirinsu ya tsufa, saƙon sai ya bi iska kafin ya isa. Na nemo masu waya na haɗa kai tsaye. Daga nan na shiga cikin gem ɗin kansa, inda ake zaɓar yawan adon da kwamfuta za ta zana. Tsohuwa ce, kowane ado ƙarin kaya ne a kanta. Na cire inuwar 'yan wasa. Na rage ciyawa har fili ya zama shafe. Na kori 'yan kallo, kujeru suka zama wasu dabbare-dabbare marasa fuska. Akwai wani saiti da ke sa kowane hoto ya jira allo ya shirya kafin ya fito, don kada ya yage a tsakiya. Shi ma na kashe shi, na ce gara hoto ya yage da ya makara. Filin wasan ya koma kamar fadamarmu bayan an kwashe amfani. Amma ka taɓa maɓalli, ɗan wasa ya zabura.

Abin da ban hango ba shi ne, nauyin da na cire, kowa na cire wa. Masu faci da 'yan acaɓa da ba su taɓa sanin daɗin bugu ba suka fara zura ƙwallaye. Faruku kaɗai ne bai ƙaru ba. Ya daina zolaya. In an ci shi sai ya tsura wa fad ido, ya jujjuya shi, ya ce in sake dubawa, akwai sauran wani abu.

Na sake dubawa, na kuwa samu. Zafin ɗakin yana sa kwamfutar ta rage gudu don kada ta ƙone. Da farkon wasa garau take, in aka jima sai ta fara ja da baya. Na kwance murfin gefenta, na hure ƙurar da ta toshe ta, na ɗora ta a kan bulo. Bai isa ba. Sai Faruku ya tashi ya juya fankar ɗakin, guda ɗayan nan, ya saita ta cikin kwamfutar. Ina iya ganin ɗakin har yanzu: magidanta masu azumi a jere a benci ƙarƙashin kwano, leɓe ya tsage, gumi yana ɗiga daga haɓa, kowa yana warin albasa, iska kuma tana kaɗa wa inji. Wani dattijon direba da ya leƙo ya ce wallahi ko mai jego ba ta samun wannan gatan.

A rudu kuwa abin ya ƙara lalacewa. Hadari ya fara tasowa ta wajen Aliero da yamma, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, sannan ya watse ya bar mu da gumi mai ɗanko. Wannan damshin ya fi rana cutar albasa. Na lura Faruku ya daina gane ruɓaɓɓiya. Zai matsa wuyanta da babban yatsa ya mayar cikin masu kyau, in bi bayansa in ɗauka in ji ta luguf. Na dai riƙa bin layinsa bayan na gama nawa. Da aka zo ɗinke buhun da muka yanke shawarar sayarwa ko nawa ne, basilla ta riƙa kuɓuce masa, ya ce igiyar ce ba ta da kyau. Tsoro ya fara kama ni a kwanakin nan, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum jin yunwa. Amma duk lokacin da na shiga saiti sai in sami wani ɗan abin da zan rage, in ce wa kaina wataƙila shi ne.

Abu ɗaya ya rage, shi ne a raba kwamfutar da talabijin gaba ɗaya. Monita, allon kwamfuta irin na ofis, ƙarama ce, ba ta da kwalliya, amma abin da aka ba ta shi take nunawa nan take. Akwai wani abokina a Maiyama mai shagon buga takardu kusa da sakatariya, ya ce in zo in ɗauki ɗaya aro har bayan Sallah. Muka shirya tafiya da safe. Faruku ne ke jan babur tun ina yaro, bai taɓa yarda ya zauna a bayana ba, yana cewa ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ranar sai ya tsaya a gefen babur ɗin ya miƙo mini makulli.

"Kai ja. Ni in riƙe kayan in mun dawo."

A hanya kwalta tana walƙiya, iskar da ke bugun fuska kamar daga bakin murhu. Gefen titi duk buhunan albasa ne a jibge, masu su na zaune a inuwar da ba ta kai ta rufe mutum ba, ba motar da ke tsayawa. A hanyar dawowa ya rungume monitar a naɗe cikin zanen Inna, ya zagaye ta da damtse, ba da yatsu ba. Na gani a madubi. Muna shiga Jega ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Zayyanu, in anka sa wagga, ba sauran nauyi ko?"

"Ba saura, Yaya. Daga ita babu wani abu."

Ya ƙara ƙanƙame monitar. Na ɗauka murna ce.

A cikin goman ƙarshe ne muka haɗa ta, bayan la'asar. Ɗanjumma ya sauke talabijin ɗinsa ya jingina a bango ya rufe da zane, ya ce kada talabijin ɗin ya ga abin da ake yi masa. Monitar ta zauna a kan teburin kamar baƙuwa, sai an matso kafin a ga ƙwallo. Na taɓa fad, na ji abin da ban taɓa ji ba, kamar yatsana ne a cikin filin. Don in tabbatar wa kowa sai na yi wata dabara da ɗalibin nan ya taɓa gaya mini. Wayata tana ɗaukar bidiyon da ake iya kallo a hankali ƙwarai. In ka ɗauki yatsa da allo a tare, za ka ga lokacin da maɓalli ya nutse da lokacin da ɗan wasa ya motsa, tazarar da ke tsakani ita ce nauyin. Ɗanjumma ya riƙe wayar, na buga, muka kalla. Yatsana yana sauka ƙafar ɗan wasan tana tashi. 'Yan benci suka yi ta jinjina mini, wani ya ce ai sai a tura ni Birnin Kebbi tare da Faruku a matsayin boka.

Faruku ya zauna, ya ɗauki fad. Ya ce, "Ɗauki nawa."

Na ce ba sai an ɗauka ba, ai an gani.

"Ɗauki dai."

Na tsaya a bayan kafaɗarsa na ɗauka. Ya buga da mai facin nan, aka ƙwace masa ƙwallo a bakin raga yadda aka saba a watan. Ya dakatar da wasan ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Mutane suka taru a bayansa.

A hankali komai yake tafiya a bidiyon. Ga ƙwallo tana gangarowa wajen ɗan wasansa. Ga babban yatsansa a saman maɓalli. Ƙwallo ta iso, yatsan bai sauka ba. Ya ɗan ɗaga, yana rawa, wata 'yar rawa da ido ba ya kamawa sai a nan. Ya karkata ya goge gefen maɓallin. Sannan muka ga wuyan hannun gaba ɗaya ya dunƙulo yana tura yatsan ƙasa, kamar yadda ake danna abu da guntun itace. Da maɓallin ya nutse, nan take ɗan wasan ya yi bugu. Ƙwallon ta riga ta tafi, iska ya buga.

Faruku ya mayar da bidiyon farko ya sake kallo, har ƙarshe. Mai facin ya ajiye nasa fad ɗin a hankali. Wani ya tuna yana da saƙo a tasha ya fita. Fanka tana ta kaɗa wa kwamfuta. Ni kuwa na ji da ma ban taɓa sanin inda saiti yake ba. Wata guda ina cire masa abin jingina ɗaya bayan ɗaya, yana taya ni, har muka wayi gari babu abin da ya rage tsakaninsa da allon sai hannunsa.

Ya miƙo mini wayar. Muryarsa ba ta canza ba.

"Zayyanu, maishe shi."

"Mi, Yaya?"

"Tibin. Maishe shi yadda yake dauri. Duk abin da kac cire, ka maisai."

Na buɗe baki zan yi magana, Ɗanjumma ya taɓa ni a kafaɗa. Shi da kansa ya yaye zanen, muka kama talabijin ɗin muka ɗora. Na zare monitar na ajiye a ƙasa. Na ɗauki rimot na kunna mai santsi, da mai kaurin launi, da mai share hoto. Na shiga gem na dawo da inuwa, na shuka ciyawa, na cika kujeru da 'yan kallo suna ɗaga tutoci. Na ɗauko tsoffin fad marasa waya daga kwali. Faruku ya tashi ya juya fankar ta fuskanci benci. Hoton ya fito shar, kore kamar damina, ban taɓa ganin ya yi kyau irin na ranar ba.

Faruku ya ce Ɗanjumma ya zauna su buga. Ɗanjumma bai iya wasa ba, kowa ya sani, mai ɗaki ne kawai. Duk da haka sai ya riƙa sakin ƙwallo da gangan, yana bugawa waje. Faruku bai dube shi ba ya ce, "Buga tsakaninka da Allah." Ya buga. Ya ci Faruku.

Faruku ya ajiye fad ɗin a kan benci. Rana ta yi ƙasa, ana jin ƙamshin ƙosai daga bakin tasha, ba a kira salla ba tukuna. Ya daɗe yana kallon filin nan mai kyau, 'yan kallo suna ta tsalle.

"Ka aika ma mutanen Birnin Kebbi su nemi wani," in ji shi. "Ni ba ni iya shiri ga wanga abu. Tibin ga naka shina da nauyi, Ɗanjumma."

Ɗanjumma yana azumi, kamar kowa a ɗakin, kuma a gabansa aka kalli bidiyon. Ya sauke tsumman daga kafaɗa ya ninke shi, ya sake ninkewa.

"Awo," ya ce. "Shina da nauyi."

Faruku ya juyo ya dube ni, don ni ne mai sanin kayan. Na ce haka ne, Yaya.